Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Kusan kowane ɗayanku ya taɓa shan ruwan randa. In rana ta yi zafi, kun taso daga makaranta da ƙishirwa, kuka shiga gida kuka ɗauki moɗa kuka ɗebo ruwa, sai ku ji shi da sanyi kamar an kawo shi daga rafi da asuba. Amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko wa ya gina randar nan. Yawancin masu ginin tukwane su kan yi aikinsu har su mutu ba wanda ya san sunansu sai mutanen garinsu. Yau za mu karanta labarin wata maginiya wadda sunanta bai ɓace ba.

In kun sami takardar kuɗi ta Naira 20, ku dube ta da kyau. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammed. Ku juya bayanta, za ku ga wata mace tana aikin wata babbar tukunya. Wannan mace ita ce Ladi Kwali.

Haihuwarta da Ƙuruciyarta

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a wani ƙauye mai suna Kwali, cikin ƙasar Gwari. Mu Hausawa mu ke ce musu Gwari, su kuwa suna kiran kansu Gbagyi. Mutane ne manoma masu ƙwazo, ga su nan warwatse tun daga Minna da Suleja har zuwa Kaduna. Ku da ke zaune a Rigachikun ba ku rasa saninsu ba, domin sun daɗe a ƙasar nan tun kafin a kafa birnin Kaduna. An san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Sunan nan Ladi kuwa, kun sani, sunan rana ne. Shi a kan sa wa yarinyar da aka haifa ran Lahadi.

A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce. Ladi ba ta shiga makarantar boko ba, sai aka sa ta koyon gini tun tana ƙarama a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kafin yarinya ta taɓa ginin randa, sai ta koyi ɗebo yumɓu daga inda a ke haƙarsa, da jiƙa shi, da tsince tsakuwar da ke cikinsa, da kwaɓa shi har ya yi laushi. In an bar tsakuwa ko iska cikin yumɓu, tukunya ta kan fashe a wuta, wahalar kwana da kwanaki ta tafi a banza.

Yadda Gwari Ke Gini

Matan Gwari ba su da wata na'ura. Maginiya ta kan ajiye curin yumɓu a gabanta, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jawo gefensa sama. Tukunyar ba ta motsi, ita maginiyar ce ke kewaya ta tana sunkuye. In yumɓun ya ƙare, sai ta murza wani ya yi tsawo kamar igiya, ta ɗora a bakin ginin ta liƙe shi da yatsu. Haka za ta yi ta yi, tana bubbuga tukunyar da ɗan katako, tana shafe ta, har ciki ya fito, wuya ya tsuke, baki ya buɗe. Ba ta da ma'auni sai idonta da tafin hannunta, amma in ta gama sai ka ga randa ta yi daidai ta kowane gefe.

Sa'ad da ginin ya sha iska kaɗan, sai a yi masa ado. A kan mirgina 'yar igiya murɗaɗɗiya ko ɗan icce mai tsage-tsage a jikin tukunyar, ya bar zane mai kyau. A kan kuma ɗauki wani abu mai tsini a zana siffofi. A nan ne Ladi ta fi tsararta. Ta kan raba jikin randa gida gida, ta zana kunama a wannan gida, ƙadangare a wancan, can kuma kada, ko hawainiya, ko maciji, ko kifi, ko tsuntsu. Duk dabbobin da ta saba gani ne a jeji da rafukan ƙasarsu.

Bayan tukwane sun bushe sarai, sai a jera su a fili, a lulluɓe su da kirare da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Wutar ba ta daɗewa. Tun tukwanen suna da zafi a kan yayyafa musu ruwan makuba, watau ruwan da aka dafa ɓawon ɗorawa a ciki, don su yi duhu su ƙara ƙarfi.

Kafin Ladi ta cika shekara talatin, sunanta ya kai garuruwan da ke kewaye da Kwali. Mutane suka fara sayen randunanta, waɗansu don zuba ruwa, waɗansu kuwa don su ajiye su yi ta kallo kawai.

Sarkin Abuja da Baturen Tukwane

Garin da a ke kira Abuja a zamanin nan da mu ke magana ba shi ne babban birnin Nijeriya na yanzu ba. Shi ne garin da a yau a ke ce wa Suleja, kusa da Dutsen Zuma. Sarakunansa Hausawa ne, zuriyar sarakunan Zazzau na dā waɗanda suka baro Zariya a zamanin jihadi. Daga 1944 zuwa 1979 Sarkin Abuja shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, mutum mai ilmi, wanda ya san darajar aikin hannu. Da ya ga tukwanen Ladi sai ya sa aka sayo masa waɗansu, ya ajiye su a gidansa.

Ana nan sai a 1950 Gwamnati ta ɗauko wani Bature daga Ingila mai suna Michael Cardew, don ya duba yadda za a kyautata sana'ar tukwane a Nijeriya. An haife shi a 1901, ya koyi gini wurin wani shahararren magini mai suna Bernard Leach, ya kuma yi aiki 'yan shekaru a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu. Cardew ya zaga ƙasar nan yana duban yumɓu da aikin magina. Da ya iso Abuja, ya shiga gidan Sarki, sai ya ga randunan nan na Ladi. Suka ƙayatar da shi ƙwarai, ya riƙe sunan mai ginin a ransa.

Cardew ya ga Abuja tana da yumɓu mai kyau, da ruwa, da itacen wuta, ga kuma Sarki mai son abin. Saboda haka ya roƙi Gwamnati a kafa makarantar koyon ginin tangaran a can. Aka yarda, aka gina ɗakuna da tanderu, aiki ya kankama a 1952. Samari suka zo koyo daga wurare dabam dabam. Da fari duk maza ne. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wannan makaranta.

Abin da Ta Koya da Abin da Ta Koyar

Ku lura, Ladi ba yarinya ba ce sa'ad da ta shiga makarantar nan. Ta riga ta zama gwana, ana yabonta ko'ina. Duk da haka ba ta ce ta fi ƙarfin koyo ba. Ta zauna tare da samari ta koyi gini a kan faifan juyi, watau wani faifai da a ke juyawa da ƙafa, yumɓu yana juyi a kansa, magini yana siffanta shi da hannu. Ta iya yin faranti, da tasa, da kofi, da butar shayi. Ta koyi shafa ruwan ƙyalli, wanda a ke haɗawa da toka da garin dutse da farar ƙasa. Ta kuma koyi gashi cikin tanderu.

Akwai bambanci babba tsakanin wutar fili da wutar tanderu. Wutar ciyawa ta kan gasa yumɓu ne kawai ya yi tauri, amma ta bar waɗansu 'yan ƙofofi ƙanana a jikinsa waɗanda ido ba ya gani. Tanderu kuwa rufaffe ne, ana zuba masa itace dare da rana har zafinsa ya wuce digiri 1200. A irin wannan zafi yumɓu ya kan haɗe ya zama kamar dutse, ruwan ƙyallin nan kuma ya narke ya rufe shi kamar gilashi. Haka a ke yin tangaran ɗin da a ke jerawa a ɗakin amarya. Haka kuma a ke yin tayil mai ƙyalli da ku ke gani an manna a bango ko a daɓen gidaje da masallatai. Duk asalinsu ɗaya ne, ƙasa ce da ruwa da wuta.

Amma Ladi ba ta yar da ginin iyayenta ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, tana kewaya su yadda ta koya a Kwali, tana zana musu kunama da ƙadangare. Sai dai yanzu da yumɓun makaranta ta ke yi. In ta gama zane, sai a cusa farar ƙasa cikin tsagar zanen, a shafa ruwan ƙyalli, a sa a tanderu. In an fito da randar sai ka ga zanen ya fito fili ƙarƙashin ƙyalli, jikinta kuwa ya yi duhu, ko ya yi kore kore. Ba a taɓa ganin irin wannan tukunya ba, ko a Nijeriya ko a Turai. Siffa da zane na Gwari ne, wuta da ƙyalli na baƙi ne.

Daga baya waɗansu mata suka biyo sawunta, kamar su Halima Audu, da Asibi Ido, da Kande Ushafa, da Lami Toto. Aka ware musu ɗaki a makarantar inda su ke ginin hannu, ana kiransa Ɗakin Gwari. Shi kansa Cardew, wanda ya zo don ya koyar, ya tarar akwai abin da zai koya wurin matan nan. Ya sha faɗi a rubuce cewa ginin gargajiya na Nijeriya ba abin rainawa ba ne, kada kuma a yi ƙoƙarin kashe shi.

Randar da Ba Ta Sanyaya Ruwa

A nan akwai wani abu da ya kamata ku yi tunani a kansa. Me ya sa ruwan randa ya ke da sanyi? Dalili shi ne 'yan ƙofofin nan da muka ambata. Ruwa ya kan tsattsafo ta cikinsu kaɗan kaɗan, iska ta busar da shi, yayin da ya ke bushewa kuwa sai ya tafi da zafin da ke cikin randar. Kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum ke nan.

To, randar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa a tanderu ba ta da ƙofofin nan. Ruwa ba ya tsattsafowa, saboda haka ba ta sanyaya shi. Ga ta kuma da nauyi, ga tsada. Matar ƙauye ba za ta saye ta ba, ko ta saya ba za ta yi mata amfanin da randar Kwali ke yi ba. Ashe sabuwar randar Ladi ta sami kyau da ƙarko, amma ta rasa aikin da aka san randa da shi. Ta zama abin ado da kallo. Masu sayenta su ne manyan ma'aikata, da Turawa, da gidajen ajiye kayan tarihi.

Wannan ba ya rage darajar aikin Ladi. Amma yana koya mana kada mu ɗauka kowane sabon abu ya fi na dā ta kowace fuska. Tangaran ya fi kyau wajen cin abinci da shan shayi, don yana wankuwa tas. Randar gargajiya ta fi shi wajen sanyaya ruwa, tukunyar ƙasa kuma ta fi shi jure wutar murhu. Kowanne da ranarsa.

Tafiye-tafiyenta

Cardew ya ɗauki kayan da aka gina a Abuja ya kai London, aka nuna su a wani gidan nuni mai suna Berkeley Galleries a 1958, da 1959, da 1962. Mutane suka yi ta mamakin randunan Ladi, suka saye su. A farkon shekarun 1960 ita kanta ta tafi Ingila, ta kuma je Faransa da Jamus. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew.

A duk inda ta je, abu ɗaya ta ke yi. A kan kawo mata yumɓu gaban taron malamai da ɗalibai, ta ɗaura zanenta, ta sunkuya ta fara kewaya curin nan. Ba ta da faifan juyi, ba ta da ma'auni. Kafin a jima sai ga randa ta tashi. Mutanen da suka yi shekaru suna karatun gini a manyan makarantu su kan zauna shiru suna kallon hannunta. Ba ta jin harshensu sosai, su ma ba su jin nata, amma aikin ya isa bayani.

A 1965 Cardew ya bar aiki ya koma gida, wani Bature mai suna Michael O'Brien ya karɓi makarantar. Ladi ta zauna tana aikinta tana koyar da na baya. A 1974 wata budurwa 'yar ƙasar Kenya mai suna Magdalene Odundo ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurinta. Daga baya ita ma ta zama ɗaya daga cikin shahararrun magina na duniya.

Girmamawa da Rasuwarta

A 1963 Sarauniyar Ingila ta ba Ladi lambar girma ta M.B.E. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na Dakta. Ku duba wannan abu: matar da ba ta taɓa zama a aji ba, ga ta tsaye cikin rigar manyan malamai a gaban jami'a. A 1980 Gwamnatin Nijeriya ta ba ta lambar yabo mafi girma da a ke ba masu ilmi da fasaha, a 1981 kuma aka ƙara mata lambar O.O.N. Aka sa wa makarantar da ta yi aiki sunanta.

A cikin shekarun nan ƙasarsu ta sake. A 1976 Gwamnati ta zaɓi wuri a ƙasar Gwari don gina sabon babban birni, aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin kuwa aka sa masa Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu. Kwali ta faɗa cikin yankin sabon birnin. Ladi ba ta ga ƙaurar Gwamnati daga Legas ba, wadda aka yi a 1991. Cardew ya mutu a 1983, ita kuma ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. An sa wa wani titi sunanta a sabuwar Abuja, a 2007 kuma aka fito da takardar Naira 20 mai hotonta.

Masu Tara Kayanta

Sarki Sulaimanu Barau shi ne na farko cikin manyan mutane da ya tara tukwanen Ladi. Yau akwai masu tara su a ƙasashe da yawa. Akwai aikinta a gidan ajiye kayan tarihi na Victoria and Albert a London, da na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a ƙasar Wales. Yaya masu tarawa su ke gane aikinta? In sun ɗauki faranti ko tulu, su kan juya shi su dubi gindinsa. A can a kan sami hatimi biyu da aka danna tun yumɓu yana ɗanye. Ɗaya sunan Abuja ne da rubutun ajami, ɗaya kuwa haruffa biyu ne na boko, L da K. Sa'an nan su dubi zanen, domin kowane magini yana da hannunsa, kamar yadda malaminku ke gane rubutun kowane ɗayanku ko bai ga suna ba.

Bayan rasuwarta aiki ya ja baya a makarantar Suleja. Amma waɗanda suka koya a can sun yaɗu, sun buɗe wuraren gini nasu. Har a nan kusa da ku, a Maraba, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, an kafa wani wurin ginin tangaran a shekarun 1980 da taimakon O'Brien. A ƙauyuka kuwa roba da tukwanen ƙarfe sun rage wa magina ciniki ƙwarai, 'yan mata da yawa ba su koyon sana'ar iyayensu. Sana'ar hannu ba a littafi ta ke zaune ba, a hannun mutane ta ke. In tsofaffi suka wuce ba su koya wa kowa ba, shi ke nan ta tafi.

Saboda haka in kun ga mai tukwane a kasuwa, kada ku wuce ta da raini. Ku tsaya ku dubi aikinta, ku tambaye ta inda ta ke samun yumɓu, da wanda ya koya mata. Ladi ma haka ta fara, yarinya ce mai ɗebo yumɓu a Kwali. Ta riƙe abin da ta gada, ta ƙara da abin da ta koya, ta kyautata aikinta har sarki ya ajiye shi a gidansa, har ƙasa ta sa hotonta a kuɗi.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Ladi, me ya sa kuma a ke sa wa yarinya wannan suna?
2. Bayyana yadda matan Gwari su ke gina randa, tun daga ɗebo yumɓu har zuwa gashi.
3. A ina Michael Cardew ya fara ganin aikin Ladi?
4. Me ya sa randar gargajiya ta ke sanyaya ruwa, mai ƙyalli kuwa ba ta yi?
5. Yaya masu tara tukwane su ke gane aikin Ladi?
6. Kawo sunayen sana'o'in hannu biyar da a ke yi a garinku, ka faɗi wadda ka fi so ka koya da dalilinka.